Daɗewar Wahala Ba Shaidar Ƙarancin Bangaskiya Ba Ce

Maganar ta zama ruwan dare a majami'unmu, daga Jos har Yola, daga Kafanchan har Maraɗi: wai mai bi na gaskiya ba ya daɗewa cikin wahala. In ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, in aure ya shekara goma ba haihuwa, in saurayi ya gama bautar ƙasa ya yi ta yawo da takardu ba aiki, sai a fara kallonsa ta wutsiyar ido. Wani ya ce, "Ɗan'uwa, ka binciki kanka." Wata ta ce, "Bangaskiyarki ce ba ta kai ba." Wani kuma ya kawo zancen la'anar kakanni, ko ya ce a shuka iri mai tsoka, ƙofa za ta buɗe. Yawancin masu faɗin haka ba mugaye ba ne. Iyayenmu ne, dattawan ikkilisiya ne, matan zumunta ne masu kwana a kan gwiwa saboda 'ya'yan wasu. Ina ganin girmansu, shi ya sa nake so su ji dalilin da ya hana ni yarda da su.

A fara ba su gaskiyarsu. Allah yana warkarwa, yana kuma buɗe hanya inda mutum ya fid da rai. Mun gani, mun ji shaida. Zunubi ma yana da sakamako. Magidancin da ya ƙarar da kuɗin makarantar 'ya'yansa a gidan burkutu ba zai ce jarrabawa ce daga sama ba, kuma Yesu da kansa ya gargaɗi mutumin da ya warkar a bakin tafkin Betasda ya daina zunubi. Inda muka raba hanya shi ne lokacin da aka ɗauki abin da yake faruwa wani lokaci aka mai da shi doka a kan kowa, har ya zama da ganin mai ciwo an riga an yanke masa hukunci.

Wannan hukuncin ne abokan Ayuba suka yanke. Elifaz da Bildad da Zofar sun taso daga nesa don su yi masa jaje, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da sun tsaya nan, da sun kyauta. Da suka buɗe baki sai suka shiga lissafi: Allah mai adalci ne, kai kuwa kana shan wahala, ashe ka yi wani abu. Da Ayuba ya ce bai san laifin da ya kai ga haka ba, Elifaz ya zauna ya ƙirƙiro masa laifuffuka. A sura ta 22 ya zarge shi da hana mai ƙishi ruwa, da korar gwauraye hannu wofi, alhali bai ga ko ɗaya da idonsa ba. Koyarwarsa ce ta bukaci a sami laifi, sai ya samo. A sura ta 42 Allah ya ce ya yi fushi da su ukun domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba, ya umarce su su kawo bijimai bakwai da raguna bakwai, Ayuba ya yi musu addu'a. Shi kuwa Ayuba, wanda ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi ta tambayar Allah dalili cikin kuka, shi aka ce ya faɗi daidai. Har littafin ya ƙare ba a gaya masa abin da ya jawo masa masifar ba.

Za a ce ai a ƙarshe an ninka masa dukiyarsa. Haka ne. Amma 'ya'ya goma da ya binne suna nan a kabarinsu, kuma duk uwar da ta taɓa rasa ɗa ta san sabon jariri ba ya shafe wanda ya tafi. Ba kowa ne ma ya ga irin ƙarshen Ayuba ba. A Ayyukan Manzanni sura ta 12, Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, ya kama Bitrus da niyyar yi masa haka, mala'ika ya fitar da Bitrus cikin dare. Sura ɗaya, sarki ɗaya, manzanni biyu. Wa zai tashi ya ce Yakubu ne bangaskiyarsa ba ta kai ba? Ibraniyawa sura ta 11 ta jera waɗanda suka tsira daga takobi da waɗanda takobi ya ci, ta yaba musu duka saboda bangaskiya. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi. Shi ɗin ne ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas kwance ba lafiya a Militas.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zancen cutar sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar yara kimanin 150,000 da ita a Nijeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa. Sanadinta sananne ne: in uba da uwa duka suna ɗauke da jinin AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Gadon jini ne, ba ruwansa da wanda ya yi azumi da wanda bai yi ba. To, dubi uwar irin wannan yaro. Tsakar dare ciwon ƙashi ya tashi, yaro yana ihu yana riƙe gwiwa, ita tana gasa masa jiki da tsumma da ruwan ɗumi, maigida ya fita neman mai babur. Ta kwana a bencin asibiti, gari ya waye ana neman wanda zai ba da jini. Ran Lahadi ta lallaɓo sujada, ta zauna a layin baya lokacin ba da shaida, sai ta ji daga bagade ana cewa ciwo ba rabon ɗan Allah ba ne, wanda ciwo ya zauna a gidansa ya duba inda ya buɗe wa Shaiɗan ƙofa. An doke ta, an hana ta kuka. Almajiran Yesu sun taɓa yi masa tambaya a kan wanda aka haifa makaho, ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Yesu ya ce ba ko ɗaya. A Luka sura ta 13 kuma ya ce mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

Tarihinmu ma bai goyi bayan wannan koyarwa ba. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara ƙasar nan. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 aka samu kafa tashar mishan a Patigi, kuma daga wannan aiki ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. A zamaninmu, Boko Haram ta mamaye hedkwatar ikkilisiyar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi a Oktoba 2014, cikin bala'in da ya ci Kirista da Musulmi. A Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika. A bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, ya yi magana a natse, ya nuna bai karaya ba domin kome yana hannun Allah, ya roƙi a kula masa da iyali. An yi addu'a a majami'u ba iyaka, amma cikin watan aka kashe shi. Ni dai ban isa in ce na fi wannan bawan Allah dogara ga Ubangiji ba, kuma ban ga wanda ya isa ba.

Dogara ga Allah da nake gani a Littafi Mai Tsarki ita ce ta Shadrak da Meshak da Abednego a gaban tanderun Nebukadnezzar. Sun ce Allahnsu yana da ikon cetonsu, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Ita ce ta Yesu a Getsamani, da ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ya kuma miƙa kai ga nufin Uba, washegari aka gicciye shi. Wanda aka koya masa cewa bangaskiya tabbacin samun abin da ya roƙa ce, ranar da bai samu ba zai zargi kansa ko ya zargi Allah. Daga nan ne wasu suke ajiye maganin hawan jini don kada a ce suna shakka, wasu su ɓoye ciwonsu, wasu su daina zuwa sujada gaba ɗaya saboda kunya.

Don haka ina roƙon iyayenmu fastoci da dattawa da shugabannin zumunta: ku ci gaba da yi wa marasa lafiya addu'ar warkarwa da dukan zuciya, amma ku daina tuhumar wanda bai warke ba. In kun je gidan da ake jinya, ku zauna, ku yi sannu, ku tambaya ko an sayi magani, ko akwai abin ɗora tukunya. Ku sa matasa su yi gwajin jini kafin a sa ranar aure. Ke kuma da kike zaune a layin baya, ki matso gaba. Ba ki da laifin da za ki ɓuya saboda shi.