Tayar A-Kori-Kura a Ƙasashen Dusar Ƙanƙara: Tsayawa Ce Abin Dubawa

A Kanada da arewacin Amurka, a-kori-kura ce motar manomi da magini da ma'aikacin rijiyar mai, kuma ita ce ke kai yara makaranta da safe. Tun 1977 samfurin F-Series na kamfanin Ford ke kan gaba a cinikin irin waɗannan motoci a Amurka, ga kuma Chevrolet Silverado da Ram da Toyota Tacoma suna biye. Daga Nuwamba zuwa Maris dusar ƙanƙara na rufe hanyoyin waɗannan yankuna, a birane irin su Winnipeg da Edmonton sanyi kan sauka har digiri 30 ƙasa da sifili. Shi ya sa duk ƙarshen shekara masu a-kori-kura ke cika shagunan taya, akasarinsu kuma burinsu ɗaya ne: su sami taya mai shiga ko'ina, wadda za ta bi kwalta da burji da taɓo da rani, ta kuma riƙe hanya da hunturu ba sai an sauya ta ba. Akwai irin wannan taya, tana kuma da amfaninta. Sai dai mai saye zai yi wa kansa adalci ne idan ya auna ta da yadda take tsayar da mota a kan hanya mafi santsi da yake bi, domin yawancin abin da ake tallata ta da shi ya shafi tashi da tafiya ne kawai.

Komai girman mota, ƙananan wurare huɗu ne kawai na roba ke haɗa ta da ƙasa, kuma roba na sauya hali da yanayi. Kamar yadda man kaɗe ke daskarewa da sanyin hunturu, haka robar taya ta yau da kullum ke sandarewa idan sanyi ya yi yawa. Kamfanonin taya sun daɗe suna nuna digiri 7 a matsayin iyakar da hakan ke fara tasiri. Robar da ta sandare ba ta lanƙwasa ta shiga ƴan ramukan fuskar hanya, sai ta riƙa zamewa a kai. Tayar da aka ƙera domin hunturu tana magance wannan ta hanyoyi uku. Ana haɗa robarta da sinadaran da ke barin ta da laushi cikin tsananin sanyi. Ana tsattsaga haƙoranta da siraran tsagu masu ɗimbin yawa, waɗanda ke buɗewa idan nauyi ya hau su, su samar da bakuna masu kaifi da ke cizon hanya, su kuma share ɗan ruwan da ke kwanciya a saman ƙanƙara, wanda shi ne babban mai jawo santsi. Sannan ana yanka ramukanta yadda za su riƙe dusa a ciki, saboda dusa ta fi kama ƴar'uwarta dusa fiye da yadda take kama roba.

Taya mai shiga ko'ina kuwa wata buƙata ce daban ta haife ta. Kamfanin BFGoodrich ya fito da Radial All-Terrain T/A a 1976 domin masu bin sahara da duwatsu, inda abin tsoro shi ne tsinin dutse ya yanka roba ko ya huda gefen taya. Maganin wannan shi ne roba mai tauri, da manyan haƙora masu ƙwari, da gefe mai kauri. Tayar hunturu ta girme ta nesa, domin tun 1934 kamfanin da a yau ake kira Nokian a ƙasar Finland ya ƙera ta farko, kuma domin manyan motocin kaya ya yi ta. Ke nan abu biyu ne masu jan juna: dutse na neman tauri, ƙanƙara na neman laushi, kuma kowace tsaga da aka ƙara domin santsi tana rage wa haƙori ƙarfin jure tsakuwa. Injiniyoyi sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen rage wannan tazara, kuma tayoyin yau sun fi na shekaru ashirin da suka wuce. Duk da haka taura biyu ba ta taunuwa, dole wani ɓangare ya ɗan rasa. Tayar taɓo zalla, mai manyan haƙora masu tazara da ƙarancin tsagu, ita ce ta fi burge ido, ita ce kuma mafi rauni a kan daskararriyar hanya.

Abin da zai fara raba wa mai saye gardama yana rubuce a gefen tayar. Haruffan M+S, masu nufin taɓo da dusa, sun dogara ne ga siffar zanen taya da yawan ramukanta, ba a gwada ta a kan dusa kafin a buga su. Wannan giɓi ne ya sa a 1999 ƙungiyoyin masu ƙera taya na Amurka da Kanada suka amince da sabuwar alama: hoton tsauni mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusa a tsakiyarsa. Kafin taya ta samu wannan alama sai an kai ta filin gwaji mai dusar da aka daddanne, an gwada ta da wata taya ta musamman da aka ajiye a matsayin ma'auni, kuma a yadda aka tsara tun farko sai ta fi tayar ma'aunin riƙo da aƙalla kashi 10 cikin 100. Sanannun tayoyi masu shiga ko'ina irin su BFGoodrich KO2 da KO3, da Falken Wildpeak A/T3W, da Toyo Open Country A/T III, da Goodyear Wrangler DuraTrac suna ɗauke da ita. Duk da haka a duba jikin ainihin tayar da za a saya, domin yakan faru wani girma na samfuri ɗaya yana da alamar, wani ba shi da ita. Wanda zai shiga hunturu da taya mai shiga ko'ina marar wannan tsauni ya fara da kuskure tun daga shago.

Amma sai a san iyakar abin da alamar ke shaidawa. Gwajin da ake yi a Arewacin Amurka yana auna yadda taya ke samun riƙo ne lokacin da ake jan mota gaba a kan dusa. Ba ya auna birki, ba ya auna shan kwana, ba ya kuma taɓa daskararriyar ƙanƙara mai sheƙi, wadda ke samuwa idan dusa ta narke da rana ta sake daskarewa da dare, ko a mahaɗar hanyoyi inda ƙafafun motoci suka goge ta har ta yi sumul. A nan ne hatsari ya fi tsanani: dokokin tuƙi na Birtaniya sun yi gargaɗin cewa nisan tsayawa a kan ƙanƙara na iya ninka na busasshiyar hanya har sau goma. Ganin wannan ne ya sa a 2021 aka fitar da wani ma'auni na ƙasa da ƙasa, ISO 19447, mai tasa alamar daban domin birki a kan ƙanƙara. Don haka taya mai shiga ko'ina da ta tsallake gwajin dusa da ƙyar, da tayar hunturu zalla irin Bridgestone Blizzak ko Nokian Hakkapeliitta, duka suna iya ɗauke da tsauni iri ɗaya, alhali in aka taka birki a kan ƙanƙara ta biyun ce ke tsayawa da wuri.

Mai a-kori-kura zai ce ai motarsa na jan ƙafa huɗu, me zai ji tsoro? Jan ƙafa huɗu na raba ƙarfin inji ne ga tayoyi duka, shi ya sa motar ke tashi cikin sauƙi a inda wata za ta tsaya tana juya ƙafa a banza. Birki kuwa dama kowace mota a ƙafa huɗu take da shi, don haka a wajen tsayawa a-kori-kura ba ta da wani fifiko a kan ƙaramar mota. Hasali ma tana da nata matsalolin. Nauyinta ya kai tan biyu ko fiye, tana da tsawo daga ƙasa, kuma idan bodinta babu kaya nauyin na karkata gaba, bayan ya zama sakayau, yana saurin wutsiya a kwana. Dalilin da ya sa direbobin can ke ɗaure buhunan yashi a saitin ƙafafun baya ke nan. Sauƙin tashi yana ma iya yaudarar direba, ya ɗauka hanya lafiya take ya ƙara wuta, alhali duk ninkin gudu yana ninka nisan birki sau huɗu.

Wani zai kafa hujja da doka, ya ce tunda hukuma ta yarda da tayarsa magana ta ƙare. Gaskiya ne lardin Quebec na Kanada, wanda ya wajabta tayar hunturu tun 2008, kuma a yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, yana karɓar taya mai alamar tsauni. A lardin British Columbia ana buƙatar tayar hunturu a hanyoyin tsaunuka daga 1 ga Oktoba, kuma can ko M+S an yarda da ita muddin zurfin zanenta ya kai milimita 3.5. Jamus kuwa daga Oktoban 2024 ta daina lissafa M+S a matsayin tayar hunturu, sai mai tsauni kaɗai. Wannan bambanci tsakanin hukumomi ya isa ya nuna cewa doka mafi ƙarancin abin da za a lamunta take shatawa, domin dole ta yi la'akari da aljihun kowa da yanayin gari daban-daban. Bin doka na kare mutum daga tara. Ko tayar za ta tsayar da shi kafin ya kai ga motar gabansa, wannan hisabi ne da ya rage a wuyansa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi. Tayoyin a-kori-kura na da tsada, sayen kashi biyu na nufin ƙarin rim, da wurin ajiya, da zuwa shago sau biyu a shekara. Amma kashin da ke ajiye ba ya cinyewa, saboda haka kowane zai daɗe, kuma a lardin Ontario tun 2016 an wajabta wa kamfanonin inshora yin rangwame ga masu sa tayar hunturu. Duk da haka akwai mutanen da taya mai shiga ko'ina mai alamar tsauni ce daidai da su, kuma ba laifi a faɗi haka. Wanda ke zaune inda dusa ke zuba jefi-jefi ta narke cikin kwana biyu, ko manomin da aikinsa ke cikin dusa mai zurfi da taɓo da hanyar tsakuwa mai yayyaga laushin tayar hunturu, ya yi zaɓi mai ma'ana. Wanda kuwa ke bin babbar hanya kullum da asuba a yankin da ƙanƙara ke kwana watanni, ko yake gangara tsauni da tirela a bayansa, tayar hunturu zalla ce tasa. Wasu na ƙara mata ƙananan ƙusoshin ƙarfe, waɗanda ke taimakawa sosai a kan ƙanƙara, sai dai suna cin kwalta, shi ya sa Jamus ta hana su, Ontario kuma ta taƙaita su ga mazauna arewacinta.

Idan aka tsayar da shawara a kan mai shiga ko'ina, sauran zaɓin ma da ma'aunin tsayawa za a yi shi. A fifita mai yawan tsagu waɗanda suka nutsa har gindin haƙori, domin tsagar da ta tsaya a sama za ta ɓace da zarar tayar ta fara cinyewa. A guji faɗaɗa taya don ado, siririya ta fi nutsawa cikin dusa ta taɓa abin riƙo. A bi takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba wajen girma da nauyin da taya za ta ɗauka. Tayar da lambarta ta fara da LT an yi ta ne domin kaya masu nauyi da iska mai yawa, kuma ita ce ta fi dacewa da mai jan tirela, amma wanda bodinsa ke yawo babu kaya ba ya buƙatar mafi taurinta. A sa huɗun iri ɗaya, domin gaba mai riƙo da baya mai santsi su ke juya mota a tsakiyar hanya. A riƙa auna iska da safe, tunda tana raguwa da kusan ma'aunin psi ɗaya duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Sannan a tuna cewa a kan sabuwar taya aka yi gwajin: doka a wurare da dama na barin zane ya suɗe har milimita 1.6, amma a kan dusa riƙo na raguwa sosai tun daga milimita 4 zuwa 5.

Wannan magana ta shafi ƴan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai Kanada da Amurka da Turai, ta kuma shafe mu a gida ta wata fuska. Tayoyin gwanjo na ci gaba da shigowa kasuwanninmu duk da cewa Najeriya ta haramta shigo da su, kuma a cikinsu akwai tayoyin hunturu zalla da aka yi domin sanyi. Robarsu mai laushi na saurin cinyewa a kan kwaltar Sakkwato ko Maiduguri da bazara, kuma birkinta na raguwa cikin zafi. Mai Hilux da ya ga tsauni da ɗimbin siraran tsagu a jikin taya ya tambayi wace iri ce, ya kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT a gefenta, masu nuna mako da shekarar ƙira. Ka'idar ɗaya ce a Winnipeg da Kano: mutum ya fara tantance hanya mafi haɗari da yake bi a kai a kai, sannan ya sayi tayar da za ta iya tsayar da motarsa a kanta, ko da ta fi tsada, ko da kuma ba ita ce mafi kyan gani a shagon ba.