Kwalba Biyu, Hanci Ɗaya

Salaga gari ne na ciniki tun zamanin da fataken Kano ke kawo kanwa da tufafi Gwanja su koma da goro, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar. Mutanen zangonta sun san kaya mai kyau. Iyayenmu sun tashi da Bint el Sudan, turaren nan marar giya da kamfanin W.J. Bush ya fito da shi a 1920. Samarin yau kuwa gardamarsu a kan turaren Turai da Amurka take, kuma sau da yawa sunan da ke jikin kwalba suke saye.

A ɗauki guda biyu. Acqua di Giò na Armani, wanda ya fito a 1996, ƙamshin ɓawon lemo ne da iskar teku, marar nauyi. Oud Wood na Tom Ford, na 2007, itace ne: oud da sandal, da ɗan yaji-yaji, dangin turaren wutar da muka saba da shi a ɗakin amarya.

Yanayi shi ke raba gardama. A watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke ƙwallewa a Bawku har ma'auni ya kai 40, zafi na tayar da ƙamshi da sauri. Mai nauyi in ya haɗu da gumi sai ya hau kai, wanda ke kusa da kai a sahun Juma'a shi zai sha wahala. Nan na Armani ya fi, ko da yake kafin la'asar ya gudu.

Hunturu ne lokacin Oud Wood. Sai dai busasshiyar fata ba ta riƙe turare, shi ya sa masu wayo ke fara shafa ɗan man kaɗanya a wuya da wuyan hannu kafin su fesa. Wanda aka tace fa, don ɗanyen yana da nasa warin. Da dare wurin biki, ko taron Damba a Yendi cikin babbar riga, a ganina ba a haɗa Oud Wood da na Armani.

Saura jabu, wanda ya cika kasuwa. A fesa a fata, a zaga rabin awa, sannan a sake sunsunawa kafin a fito da sidi.