Ilimi Kyauta a Waya: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Makullin Ƙofa?

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, mai hedikwata a unguwar Maitama da ke Abuja, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ga mai albashi mai tsoka wannan ƙari bai wuce abin ƙorafi ba. Amma ga ɗalibin Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko ɗan sakandare a Nyanya da Kubwa, ƙarin na nufin rage karatu, domin wayar hannu ce ɗakin karatunsa. Shi ya sa ya dace a waiwayi wata tsohuwar dabara: a bar mutane su shiga wasu shafukan ilimi ba tare da an ci musu data ba. Dabarar tana da kyau, amma muddin kamfanin waya da wani babban kamfanin ƙetare ne za su zauna su zaɓi shafin da zai zama kyauta, to illarta na iya fin amfaninta.

An riga an gwada ta. Wikipedia, kundin ilimin da Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa a 2001, ba ya karɓar ko sisi daga mai karatu, amma isa gare shi sai da data. Don toshe wannan giɓi Gidauniyar Wikimedia ta ɓullo da shirin Wikipedia Zero a 2012, inda kamfanonin waya ke yafe kuɗin data ga duk wanda ya buɗe shafin. Airtel ta Najeriya na cikin waɗanda suka shiga. A tsawon rayuwarsa shirin ya haɗa kai da kamfanoni 97 a ƙasashe 72, kafin gidauniyar ta sanar da rufe shi a 2018. A watan Mayun 2016 kuma Facebook ya kawo nasa tsarin, Free Basics, Najeriya, shi ma ta hannun Airtel, 'yan watanni kafin shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya ziyarci Shugaba Muhammadu Buhari a fadar Aso Rock.

Matsalar tana ga wanda ke zaɓe. A ɗauka mai tsaron ƙofar Kasuwar Wuse ya ce duk wanda zai je rumfar wane ya wuce kyauta, wanda zai je sauran rumfuna kuwa ya biya. Ko da kayan maƙwabcinsa sun fi inganci, talaka zai nufi inda ba a biya, kuma kafin shekara ta zagayo sauran 'yan kasuwar sun kwashe kayansu. Haka abin yake a intanet. Matashin da ya gina manhajar koyar da lissafi da Hausa a Kano, ko ƙaramar jaridar da ke fitowa daga Zariya, ba su da ƙarfin zama teburi ɗaya da MTN ko Airtel su nemi a yafe wa masu karatunsu data. Wanda ya riga ya yi suna shi ne zai samu, sai ya ƙara girma, ƙarami ya ƙara dusashewa. A ɓangaren kamfanonin waya ma haka ne: wanda ya fi jari shi ne zai iya ɗaukar nauyin kyautar, ya janye masu layi daga ƙananan abokan hamayyarsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar sadarwa ta Indiya ta haramta bambanta farashin data bisa shafin da mutum ya buɗe a watan Fabrairun 2016, matakin da ya kawo ƙarshen Free Basics a ƙasar. Kotun Tarayyar Turai ma ta yanke hukunci a 2021 cewa irin wannan rangwame na zaɓe ya saɓa wa dokar daidaito a intanet.

Za a ce da babu gara ba daɗi, kuma wannan hujja ce mai nauyi wadda bai kamata a raina ba. Mutumin da datarsa ta ƙare a tsakiyar wata ba ruwansa da muhawarar masana. Shafi ɗaya da zai buɗu ya fi masa dubu da ke kulle. Za a kuma ƙara da cewa Wikipedia ba kasuwanci ba ne, ba ya ɗauke da talla, kuma kowa na iya gyara shi, don haka bai dace a auna shi da mudu ɗaya da Facebook ba. Gaskiya ne, bambancin a fili yake. Sai dai doka ba ta duba kyawun niyyar wanda ya fara shigowa, tana duba ƙofar da aka buɗe ne. Idan dalilin yafe data shi ne kawai kamfani ya ga dama, to gobe kamfanin zai ga damar yafe wa shafin caca ko na abokin cinikinsa, kuma ba mai hujjar hana shi. Abin da ake buƙata shi ne ƙa'ida rubutacciya wadda za ta bar Wikipedia ya shiga saboda siffofinsa, ta kuma bar duk mai irin waɗannan siffofi ya bi bayansa.

Akwai kuma darasin da rufe Wikipedia Zero ya bari. Cikin dalilan da gidauniyar ta bayar har da raguwar masu amfani da shirin da kuma ƙarancin waɗanda suka san da Wikipedia a wajen Turai da Arewacin Amurka. Ashe kuɗi ba shi kaɗai ne shinge ba. Wikipedia ta Turanci tana da maƙaloli sama da miliyan 6, ta Hausa kuwa, duk da ƙoƙarin matasan da ke rubuta ta don sa kai, ba ta kai ko kusa ba. Buɗe wa manomin Kwali ko Abaji ƙofar ɗakin karatun da littattafansa ba da harshensa suke ba, taimako ne rabi da rabi.

Najeriya ba baƙuwa ba ce ga wannan cacar baki tsakanin araha da adalcin gasa. A ƙarshen 2016 NCC ta yi yunƙurin sanya mafi ƙarancin farashin data don kare ƙananan kamfanoni, jama'a da Majalisar Dattawa suka yi caa, aka dakatar. Kayan aikin da za a tsara irin wannan ƙa'ida ma suna nan. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF don kai sadarwa inda kasuwa ba ta kai ba, dokar gasa da kare masu saye ta 2018 kuma ta haifar da hukumar FCCPC, wadda ta ci kamfanin Meta, mamallakin Facebook, tarar dala miliyan 220 a 2024.

Kira a nan ga NCC ne da Ma'aikatar Sadarwa. Su fitar da sharuɗɗa a bainar jama'a: shafin ilimi ko na lafiya, marar talla, wanda ba ya sayar da bayanan masu karatu, yana da damar neman a yafe masa data a dukkan layuka lokaci guda, ko daga Amurka ya fito ko daga Katsina. Asusun USPF ya ɗauki wani ɓangare na kuɗin, a kuma ware kaso don rubuta ilimi da Hausa da sauran harsunan ƙasar nan.