Direba ko mota: yadda ake auna gwanintar matuƙi a tseren Formula 1

Duk shekarar da aka kammala gasar tseren motoci ta Formula 1, muhawara guda takan taso: shin zakaran ya fi kowa iya tuƙi ne, ko kuwa motarsa ce ta fi ta kowa gudu? Amsar tana da nauyi, domin da ita ake yanke shawarar wanda za a sabunta wa kwantiragi na miliyoyin daloli da wanda za a sallama.

Tushen matsalar shi ne kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta, saboda haka direbobi ba sa fafatawa da kayan aiki iri ɗaya. Labarin Jenson Button na Birtaniya ya nuna haka ƙarara. A 2008 maki uku kacal ya samu a motar Honda. A 2009, bayan ƙungiyar ta koma Brawn GP da sabuwar mota, ya ci shida daga cikin tsere bakwai na farko, ya kuma lashe kambun duniya. Mutumin bai sauya ba cikin 'yan watanni, motar ce ta sauya.

Haka ya faru da George Russell a watan Disamban 2020. Ya shafe kusan kaka biyu a ƙungiyar Williams bai samu maki ko ɗaya ba. Da cutar korona ta kama Lewis Hamilton, sai Mercedes ta ara shi domin tseren Sakhir a Baharain. Ya fara daga gurbi na biyu, ya jagoranci mafi yawan tseren, kafin kuskuren sauya taya da fashewar wata tayar su mayar da shi na tara.

Tun da teburin maki kaɗai ba ya wadatarwa, masana sukan dogara da wasu ma'aunai. Na farko kuma mafi ƙarfi shi ne kwatanta direba da abokin aikinsa, domin kowace ƙungiya tana da direbobi biyu masu mota kusan iri ɗaya. A 2023 Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22, amma Max Verstappen na Holan shi ya ci 19, Sergio Perez na Meziko ya ci biyu. A 2024 Verstappen ya sake zama zakara da maki 437, Perez ya ƙare na takwas da 152, kuma ƙungiyar ta rabu da shi a ƙarshen shekarar. Tazara irin wannan ba a jingina ta ga mota.

Ma'auni na biyu shi ne gwajin neman gurbin farawa, inda kowane direba ke ƙoƙarin yin zagaye guda mafi sauri. A nan tasirin dabarun ƙungiya da lalacewar inji yana raguwa, sai bambancin da bai kai daƙiƙa guda ba ya bayyana wanda ya fi sauri.

Na uku shi ne abin da direba ya yi a lokacin da mota ko yanayi suka ƙi ba shi haɗin kai, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 1984 Ayrton Senna na Brazil, yana sabon shiga a ƙaramar ƙungiyar Toleman, ya zo na biyu a Monako cikin ruwan sama mai ƙarfi. A 2012 Fernando Alonso na Sifaniya ya rasa kambu da tazarar maki uku kawai a motar Ferrari da masana suka yi ittifaƙin ba ita ce mafi gudu ba. Ya tara 278, abokin aikinsa Felipe Massa 122.

Na huɗu shi ne nasara a ƙungiyoyi daban-daban. Juan Manuel Fangio na Ajantina ya ci kambu biyar tsakanin 1951 da 1957 da ƙungiyoyi huɗu, abin da ya sa har yau ake sanya shi a sahun gaba.

Sai dai waɗannan ma'aunai ma suna da iyaka. Idan abokin aiki rarrauna ne, direba matsakaici zai yi kama da gwani. Wani lokaci ƙungiya takan fifita direba ɗaya da sababbin kayan gyara, ko ta tsara motar bisa salon tuƙinsa. Bugu da ƙari, manyan ƙungiyoyi su ke farautar manyan direbobi, kuma bayanan da direba ke bai wa injiniyoyi suna taimakawa wajen inganta motar kanta.

Saboda haka, hukunci na adalci yana buƙatar duba kakanni da dama da abokan aiki da dama. Mota ita ke ƙayyade matsayin da za a iya kaiwa, direba kuma ana auna shi da yadda ya kusanci wannan matsayi mako bayan mako.