Fim Ɗin da Ya Ba Amurkawa Dariya, Mu Kuwa a Goronyo Fa?

Kwanakin baya na je ta'aziyya Dinawa, cikin ƙaramar hukumar Wurno, sai na tarar da samari a rumfar mai cajin waya sun yi cincirindo a kan waya guda, suna ta ƙyaƙyata dariya. Abin da suke kallo shi ne God Bless America, fim ɗin da Bobcat Goldthwait ya fitar a 2011.

Labarin wani magidanci ne, Frank, wanda aka kora daga aiki, likita kuma ya ce masa yana da ƙari a ƙwaƙwalwa. Shirmen talabijin da rashin kunyar mutane suka ishe shi, sai ya ɗauki bindiga, wata yarinya mai suna Roxy ta rufa masa baya, suka shiga harbe duk wanda suka ga ba shi da tarbiyya, har da masu surutu a gidan silima. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ni ma na murmusa. Wane ne a cikinmu bai taɓa jin kamar ya shaƙe wani fitsararren ɗan TikTok ba?

To amma inda gizo ke saƙar shi ne, Ba'amurken ya shirya fim ɗinsa ne domin masu kallon da za su gane cewa Frank kansa yana cikin abin da ake yi wa ba'a. Samarin da na gani kuwa jarumi suka ɗauke shi, kuma a yankin da mutum mai yanke hukunci da bindigarsa ba tatsuniya ba ne. A watan Oktoban 2021 'yan sa-kai suka kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande da ke Gwadabawa. Watan bai ƙare ba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu, mutane da dama kuma suka danganta harin da ramuwar gayya. Daga bisani Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya haramta ƙungiyar. Su ma 'yan sa-kan, da hujjar Frank suka fara: hukuma ta gaza, bari mu yi da kanmu.

Nan ne na tuna da marigayi Rabilu Musa Ibro. Allah ya jiƙansa, shi ma ya yi wa zamani shaguɓe son ransa, amma kansa yake mayarwa wawa, mu kalle shi mu hango namu wautar. Duk da haka a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta masu tace finafinai a Kano ta ɗaure shi kan fim ɗin Ibro Aloko. Shi kuwa na Frank, babu hukumar da ta tsaya tsakaninsa da wayar yaran Dinawa. Na tambayi mai rumfar, ya ce naira ɗari yake tura shi, kuma ya fi tafiya a wurin 'yan ƙasa da shekara 20.