Gudawar Yara: Kada A Ce Haƙori Ne

A makon jiya wata ɗalibata 'yar aji biyar ta yi kwana uku ba ta zo makaranta ba. Da ta dawo na tambaye ta dalili, sai ta fashe da kuka, ta ce ƙaninta ne ya rasu, ɗan wata tara. Na je gaisuwa. Uwar ta ce mini gudawa ya yi ta yi kwana biyu, mutanen gida suka ce haƙori ne, zai wuce. Da ta ga duk abin da ya sha fita yake yi, sai ta rage ba shi nono da ruwa don cikin ya huta. Ba don in ga laifinta na kawo maganar nan ba. Abin da aka gaya mata ta yi, kuma yawancinmu haka aka gaya mana.

Gaskiyar magana, fitar haƙori ba ta sa gudawa mai tsanani. Lokacin ne ya zo ɗaya da sa'ad da yaro ke rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, ga shi kuma an fara ba shi koko. Ƙwayoyin cuta ta nan suke shiga. Abin da ke kashe yaro kuwa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Za ki ga idanunsa sun faɗa, bakinsa ya bushe, maɗigarsa ta lotsa, fitsari ya ragu. In kin ja fatar cikinsa kika saki, ba ta komawa da sauri. Saboda haka mai gudawa ƙara masa ruwa ake yi, ba ragewa ba.

Maganin farko shi ne ruwan gishiri da sukari. Ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ɗaurawa a jijiya ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa shayar da marasa lafiya wannan ruwa. Da farko wajen 30 cikin 100 ke mutuwa, sai suka koma ƙasa da 4.

Wanda ya fi kyau shi ne na ƙunshi, wanda ake kira ORS, akwai shi a asibiti da kemis. Ki ajiye biyu a ɗaki tun ba a kai ga buƙata ba, ki kuma dama shi yadda aka rubuta a jikinsa. In dare ya yi babu shi, ki samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, wato daidai da leda biyu ta ruwan sha da ake sayarwa. Ki zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6, da gishiri rabin cokali, kowanne a shafe, ba tozo. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye, domin yawan gishiri illa ne.

Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi kwatan kofi zuwa rabi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan-kaɗan. Wanda ya fi haka, rabin kofi zuwa cikakke. In ya yi amai, ki dakata minti 10 ki ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a dama sabo. Kada a daina ba shi nono da abinci. Tun shekarar 2004 Hukumar Lafiya Ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa da ƙwayar zink har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya, domin tana rage tsawon ciwon.

Amma fa in kin ga jini a kashin, ko yaro ya kasa kama nono, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jikinsa ya saki, ko zazzaɓi ya shiga, to, sai asibiti nan take, kina ba shi ruwan a hanya. Ki yi wannan magana da maigida tun yau, ya ba ki izinin fita irin wannan rana ko ba ya nan.

Rigakafi dai ya fi magani. A wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida, da bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a taɓa abinci. A rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya. Jariri ya sha nono zalla har wata 6. A kai shi rigakafi, domin tun 2022 Nijeriya ta sa ɗigon rota, mai kare yara daga wata muguwar gudawa, cikin rigakafin da ake yi kyauta.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne masu goyon ƙanne. Ku kwafe ma'aunin nan a littafinku, ku karanta wa Inna da Goggo cikin ladabi. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.