Daga Bakin Mai Magani Zuwa Shafin Mujalla: Yadda Ake Shirya Maƙalar Binciken Magunguna

Gabatarwa

Wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da mujallar binciken magunguna? Ni ma haka na ɗauka, sai bara da wata ƙawata mai karatun kimiyya ta roƙe ni in raka ta kasuwar Lafiya don ta yi hira da masu sayar da saiwoyi da sassaƙe. Hausa ba harshen gidanmu ba ce, ita ma haka, amma da yake ita nake karanta sai aikin tafinta ya faɗo kaina. Wani dattijo ya nuna mana wani sassaƙe ya ce maganin shawara ne. Ni kuwa ban tsaya dogon tambaya ba, na rubuta mata sunan cutar nan da sauro ke yaɗawa, wadda ake yi wa rigakafi kafin a fita ƙasashen waje. Bayan wata huɗu mujallar da suka aika wa aikin ta dawo da shi, kuma cikin tambayoyin da aka yi har da wannan: ta yaya kuka san cutar da mai maganin yake nufi? Kuskuren nawa ne. Wannan ya sa na zauna na koyi yadda ake shirya irin wannan rubutu, kuma abin da na fahimta shi ne zan kawo a wannan maƙala.

Wace Irin Mujalla Ce?

Ilimin aikin magani a jiki fanni ne da ke nazarin abin da magani ke yi wa jiki da abin da jiki ke yi wa magani. Masana wannan fanni ba su yarda da sakamakon bincike sai an buga shi a mujallar da wasu masana suka tantance. A Nijeriya akwai irinsu, kamar Nigerian Journal of Pharmaceutical Sciences ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da Tropical Journal of Pharmaceutical Research da ke fitowa daga Benin. A waje kuma akwai Journal of Ethnopharmacology, wadda aka fara bugawa a 1979, ta kuma keɓanta da magungunan gargajiya. Kowace mujalla tana da nata ƙa'idojin ga marubuta, kuma karanta su shi ne matakin farko. Da yawa daga cikinsu suna bin shawarwarin wani kwamiti na editocin mujallun likitanci wanda ya samo asali daga taron da aka yi a Bankuba ta ƙasar Kanada a 1978.

Sassan Maƙala

Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Ana farawa da take, sai sunayen marubuta da wuraren aikinsu, sai tsakure, wanda yawanci bai wuce kalmomi 250 zuwa 300 ba, sai muhimman kalmomi. Daga nan sai sassa huɗu, kowanne yana amsa tambaya guda. Gabatarwa tana faɗin dalilin yin binciken. Sashen kayan aiki da dabaru yana faɗin yadda aka yi shi. Sashen sakamako yana faɗin abin da aka samu, da alƙaluma da jadawali, ba tare da sharhi ba. Sashen tattaunawa shi ne ke fassara sakamakon da kwatanta shi da ayyukan da suka gabata. Manazarta ce ke zuwa ƙarshe.

Sashen dabaru ya fi kowanne nauyi, domin manufarsa ita ce wani mai bincike a Jos ko a Indiya ya iya maimaita aikin ya ga ko zai sami abin da aka samu. Saboda haka dole a faɗi ɓangaren tsiron da aka yi amfani da shi, ganye ne ko saiwa ko ɓawo, da inda aka samo shi, da watan da aka ɗebo shi, da yadda aka busar da shi, da ruwan da aka jiƙa shi a ciki. Idan an gwada a kan ɓeraye, za a faɗi yawansu da nauyinsu da adadin da aka ba kowanne, wato miligiram nawa ga kowane kilo na nauyin jiki. Dole kuma a sami rukunin da ba a ba maganin ba, da wani rukunin da aka ba sanannen maganin asibiti, don a sami abin kwatantawa. In babu wannan, babu yadda za a san ko tsiron ne ya yi aiki ko kuwa dabbar ce ta warke da kanta.

Matsalar Sunan Tsiro

A nan ne aikinmu ya shigo. Tsiro ɗaya yakan sami sunaye da yawa a Hausa. Itacen da wasu ke kira darbejiya, wasu dogon yaro suke ce masa, wasu maina, wasu kuma bedi. Masana kimiyya suna kiran sa Azadirachta indica, kuma wannan sunan na Latin shi mujalla ke nema, domin shi kaɗai ne bai canzawa daga gari zuwa gari. Haka maɗaci shi ne Khaya senegalensis, sabara ita ce Guiera senegalensis, zogale kuwa Moringa oleifera. Su ma sunayen Latin akan sabunta su: gawo da aka sani da Acacia albida yanzu Faidherbia albida ake rubutawa.

Haɗa sunan Hausa da na Latin tsohon aiki ne. J. M. Dalziel, wani likita da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya buga A Hausa Botanical Vocabulary tun 1916. Amma duba littafi kawai bai wadatar ba. Ƙa'ida ita ce a kai samfurin tsiron, da ganyensa da furensa in da hali, zuwa ma'adanar busassun tsirrai, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. Can masani zai tabbatar da shi, a ajiye samfurin, a ba shi lamba, kuma wannan lambar za a sa a cikin maƙala. A kasuwa kuwa sassaƙe ake sayarwa ba itace ba, shi ya sa ya kamata a roƙi mai maganin ya kai mai bincike gindin bishiyar.

Sai kuma rubutu. Sau da yawa za ka ga an rubuta madaci maimakon maɗaci, ko kirya maimakon ƙirya, ko dorawa maimakon ɗorawa. Kwamfuta da wayoyin yau suna da haruffa masu lanƙwasa, don haka babu sauran uzuri. A gari irin Lafiya, inda ake jin Eggon da Alago da Gwandara da Mada ban da Hausa, yana da kyau a nuna harshen da kowane suna ya fito.

Matsalar Sunan Cuta

Sunayen cututtuka sun fi na tsirrai wuya, domin Bahaushe yakan sa wa cuta suna ne bisa alamar da ya gani. Shawara ita ce idanu su yi ɗorawa, kuma wannan alama tana iya zuwa daga ciwon hanta ko zazzaɓin cizon sauro ko sikila ko wata cutar daban. Haka sanyi da basir da daji, kowannensu ya tattara abubuwan da likita zai rarraba gida-gida. Hanyar da ta dace ita ce a bar kalmar Hausa yadda aka faɗe ta, sannan a tambayi mai maganin alamomin da yake gani ga majinyaci, a rubuta su dalla-dalla. Da na yi haka, da aikin ƙawata bai yi wata huɗu a banza ba.

Izini da Haƙƙi

Babu mujallar kirki da za ta karɓi gwajin da aka yi a kan mutum ko dabba ba tare da shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ba. Tushen wannan ga mutane shi ne Sanarwar Helsinki ta 1964. Mu a Arewa mun san muhimmancinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano, kuma batun ko iyayen sun fahimci abin da ake yi ya zama shari'a mai tsawo, har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Takardar neman amincewa da aka rubuta da Turanci ba ta da amfani ga wanda bai ji Turanci. Fassara ta zuwa Hausar da kowa zai gane aiki ne na wanda ya karanci harshe.

Shi ma mai maganin yana da haƙƙi. Niprisan, maganin sikila da Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja ta haɗa ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, daga haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ya samo asali. Cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari, kuma an buga sakamakon gwajinsa a mujallar Phytomedicine a 2001. Darasin shi ne a ambaci inda ilimi ya fito.

Aikawa da Jiran Amsa

Yau ta intanet ake aika maƙala, tare da gajeriyar wasiƙa ga edita. Ba a aika aiki ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Edita zai duba ko akwai satar fasaha, sannan ya tura wa masana, yawanci biyu ko uku. Amsa takan zo iri uku: an karɓa, ko a gyara, ko an ƙi. In an ce a gyara, sai a bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, a nuna shafin da aka gyara. A kuma yi hattara da mujallun da ke alƙawarin bugawa cikin kwana uku muddin an biya kuɗi, domin irinsu ba su tantance komai.

Kammalawa

Mun koma kasuwa mun sami dattijon nan. Wannan karon na tambaye shi yadda idon majinyaci yake zama, da launin fitsarinsa, da kwanakin da ciwon ke ɗauka, na rubuta da kalmominsa. Ya kuma haɗa mu da ɗansa ya kai mu inda bishiyar take. Shawarata ga 'yan uwana ɗalibai ita ce, duk wanda aka kira tafinta a irin wannan aiki ya tafi da littafin rubutu, ya tambayi kowace kalma sau biyu, kada kuma ya ji kunyar cewa bai gane ba. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata.